Lissafin Tsoho a Ƙarshen Wata

Idan kana cin albashin gwamnati a ƙasar nan, ranar barinka aiki a rubuce take tun ranar da aka ɗauke ka. Ƙa'ida ta ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta ne dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 da haihuwa ko 40 a aiki. Wannan kowa ya sani, har akwai masu ƙirga watannin da suka rage musu a bangon ofis. Abin da ba a cika faɗa wa ma'aikaci ba shi ne, ranar da albashi ya tsaya ita ce kusan ranar da jiki yake fara kawo nasa lissafin. Kuɗin shiga ya ragu, kuɗin magani ya ƙaru, kuma dukansu biyu wasu mutane ne suke yanke su a Dutse da Abuja, cikin wani littafi mai kauri da ake kira kasafin kuɗi, wanda yawancinmu ba mu taɓa buɗe shi ba.

Ni malamin firamare ne. Na koyar a ƙauyukan Roni da na Gwiwa tun muna cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, kuma a Kazaure na ajiye alli. Zaman ritaya yana da daɗinsa, kada kowa ya ruɗe ka. Babu ƙararrawa, babu mai duba rajista. Da damina ina gona tun da sanyin safiya, in dawo kafin rana ta take. Da rani kuwa aikin bai wuce ba awaki dusa, gyaran danga, da raka jika makaranta ba. Da la'asar mukan haɗu a inuwar wata darbejiya, mu bakwai ko takwas: tsofaffin malamai, tsohon malamin asibiti, tsohon direban ma'aikatar ayyuka, da wani da ya yi aikin gandun daji. Musulmi da Kirista ne, fansho bai san bambanci ba. Hirarmu takan fara da ruwan sama da farashin gero, ta bi ta kan ciwon gwiwa, ta ƙare a kan tambaya guda: wa ya ji ƙarar saƙon banki a wayarsa?

Akwai kuma gardamar tsofaffi, wadda ba ta ƙarewa. Wani ya ce a 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, wani ya ce a'a, shekarar naira ce. Gaskiyar magana ta farkon ce. Naira da kwabo sai ran 1 ga Janairu 1973 suka maye gurbin fam da sule. Manyanmu kuma ba sa gajiya da labarin Udoji, ƙarin albashin nan na tsakiyar shekarun 1970 da aka haɗa wa ma'aikata da bashin watannin baya, kowa ya sayi rediyo da keke, mai ƙarfi ya sayi babur. Sukan manta su ƙara da cewa 'yan kasuwa ma sun ji labarin, kuma kafin a jima farashi ya cinye ƙarin. Na kawo wannan ne domin darasin yana nan har yau: adadin da aka rubuta maka daban, abin da zai saya maka daban.

Bari in yi adalci ga jiharmu kafin in kawo kuka. Tun 2005 Jigawa ta kafa tsarin fansho na karo-karo ga ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi. Ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara kashi 17, a zuba a asusu guda, daga nan ake biyan giratuti da fanshon wata-wata. Ya bambanta da na tarayya, wanda dokar 2004 ta kawo aka kuma sabunta a 2014, inda kowane ma'aikaci yake da asusun kansa, abin da ya tara shi zai ci. Namu ya fi kama da rumbun gandu: kowa ya zuba, wanda ya tsufa a ɗebar masa gwargwadon matsayinsa da shekarun aikinsa. Wanda ya ji labarin 'yan fanshon wasu jihohi, masu bin bashin giratuti shekara da shekaru har wasu su mutu ba su karɓa ba, ya san muna da abin godiya. Sai dai rumbun gandu yana da sharaɗi. Dole masu zubawa su ci gaba da yawa, dole kuma mai riƙe da mabuɗi ya zuba nasa kason a kan lokaci. Idan aka daɗe ba a ɗauki sababbin ma'aikata ba alhali tsofaffi suna ta fita, rumbu zai fara nuna ƙasa. Saboda haka saurayin da aka ɗauka aikin koyarwa bana a Babura, ko bai sani ba, da shi ake ciyar da ni, kamar yadda aka ciyar da waɗanda suka riga ni da abin da aka cire mini.

Ka riƙe wannan da kyau, domin za ka ji ana faɗin akasinsa a rediyo: fansho ba kyauta ba ne, ba kuma alherin wani shugaba ba ne. Ladan aiki ne da aka jinkirta biya. Tsarin mulkin 1999 ma ya san haka. Sashe na 210 ya kare haƙƙin fanshon ma'aikatan jiha, ya kuma ce a riƙa sake duba shi duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, duk wanda ya riga zuwa. Sashe na 173 ya faɗi haka game da na tarayya. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000 a 2019, aka kai shi 70,000 a 2024. Duk lokacin da aka yi irin wannan, ma'aikaci yana da ƙungiya da makamin yajin aiki. Tsoho kuwa wane aiki zai daina? Abin da ya rage masa shi ne takarda, da haƙuri, da ƙuri'a.

Yanzu ga inda ƙaya take. Ran 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34 da ɗoriya cikin ɗari. Waɗannan alƙaluma ne na birni, amma ga yadda suke isowa ɗakin tsoho. Yawancin magungunanmu daga waje ake kawo su, waɗanda ake haɗawa a gida ma da kayan waje ake haɗa su, don haka dala ce take sa musu farashi. A Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar zai daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya, masu ciwon asma kuwa sun ji a jikinsu. Cututtukan tsufa kuma ba irin zazzaɓin damina ba ne da za ka sha magani kwana uku ka miƙe. Hawan jini, ciwon suga, ciwon gaɓoɓi, matsalar fitsari ta dattawa: waɗannan baƙi ne da suka zo zama. Ƙwayarsu kullum ce, har iyakar rai.

Ina da aboki da muka koyar tare a wata makaranta ta ƙasar Gwiwa. Mutum ne mai tsari, wanda ko alli ba ya yarwa sai ya ƙare. Da maganin hawan jininsa ya yi tsada, sai ya yi abin da mai tsari yakan yi: ya sa reza ya raba kowace ƙwaya biyu, katin wata guda ya kai shi wata biyu. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa 'ya'yansa ba, domin ba ya so ya zama nauyi. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum yana jin kansa garau har ranar da abin zai faru. Wata safiya ya tashi zai ɗauki buta, hannun dama ya ƙi. Kuɗin motar da ta kai shi Kano kaɗai ya fi abin da ya tsimi a wata shida, ban da gado, da hoton ƙwaƙwalwa, da masu jinya biyu da suka bar sana'arsu. An sayar da shanun noma. Yana nan da rai, muna zuwa gaishe shi, yana gane mu, amma maganar ba ta fita sosai. Ba na ganin laifinsa. Lissafin da ya yi daidai ne bisa kuɗin da ke hannunsa. Kuɗin ne ba daidai ba.

Za ka ce, to ina inshorar lafiya? Tambaya ce mai kyau. An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa a 1999, aka fara aiki da shi a 2005, amma a kan albashi aka gina shi, kuma ma'aikatan tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Abin da aka ɗaura wa albashi kuwa tare da albashi yake tafiya. Mutum ya yi shekara da shekaru yana da katin asibiti lokacin da jikinsa ke da ƙarfi, ranar da ya fara bukatarsa da gaske sai a ce sunansa ya fita daga jeri. Kamar a ara maka laima duk rani ne, a karɓe ranar da hadari ya haɗo. A faɗin ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa ƙarfi, aka lissafa yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu juna biyu, da naƙasassu, da matalauta, da tsofaffi. Sunanmu ya shiga doka. A nan Jigawa akwai hukumar taimakekeniyar lafiya, JICHMA, wadda take yi wa mutane rajista. Sai dai doka alkawari ce kawai. Kasafi ne yake nuna ko da gaske ake.

Ga yadda kasafin yake aiki, a taƙaice, kamar yadda tsohon akawun da ke zama da mu ya warware mana. Wajen ƙarshen shekara gwamna yakan kai ƙiyasinsa gaban majalisar dokoki a Dutse, mai wakilai 30. Kwamitoci su kira ma'aikatu su kare abin da suka nema, majalisa ta amince, gwamna ya sa hannu. A ranar ne ake jin manyan lambobi a rediyo, biliyan kaza ga lafiya, biliyan kaza ga ilimi. Amma warewa daban, saki daban. Abin da aka ware niyya ce. Abin da aka saki shi ne kuɗi. Kuma jiha irin tamu mafi yawan abin da take kashewa daga rabon asusun tarayya yake zuwa wata-wata, saboda haka idan rabon ya ragu sai an zaɓi abin da za a jinkirta. A nan siyasa take shigowa. Gini yana da fuska: ana aza harsashinsa, ana yanke ƙyallen buɗe shi, ana ɗaukar hoto. Ƙwayar hawan jinin da aka ajiye a ƙaramin asibitin mazaɓa ba ta da fuska. Babu wanda zai yi taro domin tsohon da bai shanye ba. Ba na ƙin gini, na san wahalar da muka sha kafin a yi wasu hanyoyin da muke bi yanzu. Ina dai cewa asibiti mai sabon fenti wanda za a rubuta maka takarda a ce ka je kemis, rabin asibiti ne.

A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ɗauki alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. A garinmu aka yi alkawarin, amma kasafin tarayya bai taɓa cika shi ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Shekara huɗu tsakanin doka da kuɗi. Ga matashi ba wani abu ba ne. Ga mai shekara saba'in kuwa, kai ma ka san me shekara huɗu take nufi. Manufar asusun ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki sosai, Jigawa kuwa tana da mazaɓu 287. Ta wannan ƙofa ce ake yi wa wasu marasa ƙarfi rajista kyauta, amma gurabun ƙididdigaggu ne, masu bukata kuma sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Kada a ce mana abin ba ya yiwuwa sai a ƙasashen Turawa. Gaskiya ne Jamus ce ta fara fanshon tsufa a 1889, zamanin Bismarck, kuma da wayo aka fara shi, domin sai mai shekara 70 ake ba wa, a lokacin da kaɗan ne suke kaiwa. Amurka ma sai a 1965 ta kafa shirin Medicare domin masu shekara 65 zuwa sama. To amma Ghana fa? Tun dokarta ta 2003 ta ɗauke wa masu shekara 70 biyan kuɗin shiga inshora. Senegal ta fara shirin kula da masu shekara 60 kyauta a 2006. Dukansu suna fama da jinkirin biyan asibitoci, ba aljanna ba ce, amma sun yanke shawara cewa tsoho yana da layinsa a kasafi. A gida ma an gwada makamancin haka. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba naƙasassu naira 7,000 a wata a nan Jigawa, Jihar Ekiti kuma ta fara ba tsofaffi naira 5,000 a 2011. Abin da ake so aka yi.

Duk wannan kukan da nake yi, ka sani kukan mai gata ne. Mu 'yan fansho tsiraru ne. Je ka kasuwar ƙauye a ƙasar Babura, can kusa da iyakar Nijar, ka dubi dattawan da ke zaune gaban ɗan tulin gyaɗa ko igiyar rama. Sun yi shekara hamsin suna noma gero da dawa da riɗi, sun ciyar da mu duka, babu wanda ya cire musu kashi 8, babu wanda ya ƙara musu 17. Fanshonsu 'ya'yansu ne, 'ya'yan kuwa suna Kano ko Legas suna fama da kansu. Tsofaffin mata sun fi kowa shiga tsaka mai wuya, musamman gwauraye. Matar ma'aikaci ma, idan mijin ya rasu, sau da yawa ba ta san inda takardunsa suke ba, ba ta san lambar fayil ba, ba ta taɓa zuwa Dutse ba, ga shi daga wannan kusurwa tamu galibi sai an ratsa ta Kano kafin a kai can. Na ga haƙƙin da ya kwanta shekaru saboda takardar ɗaukar aiki guda da gara ta ci.

Akwai kuma yanar ido. Tsofaffi da yawa a ƙauyukanmu sun zauna a ɗaki, ana jan su da sanda, an ɗauka makanta ce ta tsufa wadda ba ta da magani, alhali aiki ne na ɗan lokaci kaɗan a hannun likitan ido. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano ya daɗe yana yin sa, asibitocin gwamnati ma suna yi. Abin da ke tsakanin tsohuwa da ganin fuskar jikanta sau da yawa kuɗin mota ne da wanda zai raka ta.

To me ya rage gare ni da kai? Mu tsofaffin ma'aikata muna da abu biyu da yawancin tsararrakinmu ba su da su: mun iya karatu, muna kuma da lokaci. Kasafin jiha ba asiri ba ne. Ana wallafa shi a intanet, haka ma rahoton abin da aka kashe duk wata uku, jikanka zai iya buɗe maka a waya. A inuwar darbejiyarmu mun fara yin haka, shafi biyu ko uku a zama, tsohon akawu yana fassara. Idan ɗan majalisarka ya zo gaisuwa, ko kansila, ko mai neman kujera, karɓi gaisuwarsa da mutunci, sa'an nan ka tambaye shi: nawa aka ware domin rajistar tsofaffi a taimakekeniyar lafiya, nawa aka saki, mutum nawa ne daga mazaɓarmu? Yaushe aka yi wa fansho dubawar ƙarshe? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin a ɗora masa ciyawa.

A cikin ikilisiya ma akwai abin da ba sai an jira Dutse ba. Muna da asusun taimako, sai dai yawanci ba ya motsi sai an kwantar da mutum ko an yi rasuwa. A majami'armu dattawa sun sayi na'urar awon jini guda ɗaya, wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya takan zauna a baranda bayan sujada, Lahadin farko na kowane wata, ta auna duk wanda ya haura hamsin, ta rubuta a littafi. Watan farko aka sami mutane da dama da ba su taɓa sanin jininsu ya hau ba. Zumuntar mata kuma ta ɗauki nauyin ƙwayar wata-wata ta gwauraye uku. Maƙwabtanmu Musulmi da suka ji labari sun fara aiko iyayensu, ba a kuma mayar da kowa ba.

Idan kana da tsoho a gida, kada ka tsaya a tambayar ko ya sha magani, domin zai ce ya sha. Karɓi katin ƙwayar ka ƙirga da kanka, ka duba ko an raba su. Je sakatariyar ƙaramar hukuma ko asibitin mazaɓarku ka tambayi jami'in taimakekeniyar lafiya yadda ake shigar da dattijo, da lokacin da ake buɗe rajista, ka tafi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta tsohon, domin za a nema. Idan kuma kai ne mai shirin ajiye aiki, tattara takardar ɗaukarka, da ta tabbatar da kai, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da shaidar haihuwa, ka yi kwafi biyu, ka sa a leda cikin akwatin ƙarfe. Ɗaya a ɗakinka, ɗaya a hannun matarka, ka kuma zaunar da ita ka karanta mata lambar fayil ɗinka har ta riƙe.